Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin aikin gona na jihar Damagaram: ku zo mana tun bazara

Zuwa ga mai girma Daraktan gidan gona na jihar Damagaram, da shugabannin majalisar manoma ta jiha, da malaman gona na Miriya, Matamaye da Magarya.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi muku fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon amanar da ke hannunku.

Ni mai garka ne a gefen Korama, cikin ƙasar Matamaye. A garkar mahaifina na tashi, rake can ƙasa inda danshi yake, albasa da tumatir da salati a sama-sama. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne maganar tumatir da yalo da tattasai da tonka a lokacin damina. Shekaru na yi ina ɗauke da ita a rai, har na ga gara in faɗe ta a fili, sauran masu garka su ji, ku ma ku ji.

Duk wanda ya shiga Kasuwar Dole ta garin Damagaram a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Kwandunan tumatir da ake saukewa galibi daga Najeriya suke, sun sha hanya, na ƙasan kwando ya farfashe, ruwansa na ɗiga. Na taɓa tsayawa gefen wata baiwar Allah, goyo a bayanta, ta ɗaga tumatir huɗu ƙanana tana jujjuya su, ta tambayi kuɗi, ta yi shiru, ta ajiye. Ta wuce wurin mai kauɗa ta auni kaɗan, ta haɗa da na leda. Kuɗin da aka faɗa mata a kan huɗun nan, a watan Fabrairu tasa cike nake ba da shi a bakin garka, har in yi gyara. A Fabrairun kuwa mu ne ke yanka tumatir muna shanyawa a ƙasa don babu mai saye. Ƙasa ɗaya, mutane ɗaya, wata shida tsakani: da rani mu zubar, da damina mu sayo daga ƙetare. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 kowa ya ɗanɗana abin da ake nufi da miyar gidanka ta dogara da motar da za ta tsallako Ɗan Barto.

Na gwada tumatirin damina, kuma karon farko asara na yi. Yadda na yi ta shi ne yadda yawancinmu muke yi. Na ɗauko ragowar irin da na shuka da ɗari, irin Roma ɗin nan mai tsawo. Na yi reno a fili babu rumfa. Na dasa a fangalin da na saba, a kwari, domin nan ne ƙasa ta fi kyau kuma kusa da rijiya. Sati uku abin gwanin sha'awa, ganye kore shar. Sai marka ta sauka. Ruwa ya kwana biyu a fangulan bai tsotse ba, ranar da ta buɗe na iske rabin shukar ta yi yaushi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Wanda ya tsira ya yi fure, furen ya kaɗe. Ɗan abin da ya ɗaure, ruwan sama ya fantsamo masa ƙasa, ya tsage, ya ruɓe a kwance. A wannan shekarar maƙwabcina da ya dasa yalo a kan tudu, cikin kunya kamar ta dankali, ya yi ta tsinka har bayan an yanke hatsi.

Abin da na koya a nan shi ne noman kayan miya da damina sana'a ce dabam da noman rani. Irinsu ba ɗaya ba, wurin shukarsu ba ɗaya ba, cututtukansu ba ɗaya ba. Fangali an yi shi ne don ya riƙe ruwa, da damina kuwa so ake ruwan ya wuce. Mu kuma duk iliminmu na garka na rani ne, daga wanda muka gada har wanda aka koya mana. Taimakon da ake kawo wa masu garka, na iri da taki da horo, bayan kaka yake zuwa, lokacin buɗe aikin noman rani. Muna godiya da shi, yana da amfani. Amma wanda zai ci tumatir a Satumba, tun Afrilu da Mayu aikinsa yake farawa, kuma a wannan lokacin shi kaɗai yake, sai mai tebur ɗin da ke sayar masa da iri da magani ranar kasuwa.

Bari in fara da iri, don nan ne tushen abin. Tumatir ba ya son zafi lokacin fure. In zafin rana ya haura 35 a ma'auni, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin furen yakan lalace, furen ya zube bai ɗaure ba. Ire-iren da muka saba da su na ɗari ne, kamar Roma da Tropimech, suna yin kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Alhali akwai waɗanda aka zaɓa don zafi da laima. Akwai Xina da aka fitar a Sanagal, 'ya'yansa ƙanana amma yana ɗaurewa da damina. A nan gida Nijar, cibiyar binciken aikin gona ta ICRISAT da ke Sadore ta tace shi ta fitar da Icrixina. Akwai na kamfanoni irin su Mongal da Cobra da Padma, masu alamar F1 a jikin takardarsu, wato irin da aka samu ta hanyar haɗa iri biyu. Sunayen nan ina jin su, wasu na gwada, amma ban taɓa ganin an jera su gefe da gefe a ƙasarmu ta Korama an ce ga yadda kowane ya yi ba. Abin da ya yi kyau a bakin kogin Kwara ba lalle ya yi a rairayin Magarya ba, ba lalle ya yi a kwarin Gidimuni ba.

Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne babba. Ku haɗa kai da masanan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, na Tarna a Maradi, a zaɓi garake kaɗan a Miriya, Matamaye da Magarya, a dasa iri biyar ko shida a jere, kowane da allonsa, a hannun manomi, da taki da ruwan da manomi ke iya samu. A kira mutane su gani sau uku: lokacin fure, tsakiyar marka, da lokacin tsinka. A auna abin da kowane layi ya ba da a gaban jama'a. Manomi ba ya gardama da abin da idonsa ya gani a garkar ɗan'uwansa. Kuma a faɗa wa mutane gaskiyar F1, cewa 'ya'yansa ba a ajiye su a yi iri, in an shuka jikokin ba sa fitowa kamar uwarsu. Mutane da yawa sun matse tumatir mai kyau sun shanya ƙwayar, shekara ta zagayo suka ga wani abu dabam, suka ɗauka asiri aka yi musu. Shi kuwa Icrixina ana iya ajiye irinsa, don haka ya dace da mai ƙaramin ƙarfi, in da za a samu ƙungiyoyin da za a koya wa fitar da iri mai tsabta a nan jihar.

Akwai kuma maganar irin da ya mutu tun yana cikin takarda. Na taɓa sayen gwangwani a wani shago, na shuka, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai fito ba. Ashe ya sha zafin bazara a kan kanta, rana na dukansa. Tun daga nan nake ƙirga ƙwaya ashirin in sa a jiƙaƙƙen tsumma, in naɗe, in duba bayan sati. Dabara ce mai sauƙi, amma da za a riƙa leƙa masu sayar da iri ana duba kwanan watan da ke jiki da yadda suke ajiya, da an rage mana wannan hasarar. A riƙa kawo shi kuma cikin ƙananan takardu. Giram ɗaya na irin tumatir ya kai ƙwaya wajen 300, giram biyu ko uku sun ishi mai ƙaramar garka.

Sai wurin reno. Anan ne ake cin damina ko a faɗi tun ba a dasa ba. Tsiron da ke fili, ruwa mai iska guda ɗaya ya isa ya kwantar da shi, wanda ya rage kuma ya kama ruɓewar wuya, ka ga ƙasan karansa ya sirance ya faɗi. Yanzu ina ɗaga gadon reno kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, in yi masa rumfar zana ko leda a sama, gefe a buɗe don iska. Ƙasar kuwa tun bazara nake jiƙa ta, in rufe da farar leda mai shara-shara wata ɗaya ko fiye, ranar Afrilu da Mayu da ke wuce 40 ta dafa ta. Iyayenmu kara suke ƙonawa a kai, manufar ɗaya ce. Tumatir yakan isa dashe a kwana 25 zuwa 30, yana da ganye huɗu zuwa shida, yalo da tattasai da tonka sukan kai kwana 40 ko fiye. Duk wannan mutum na iya yi da abin da ke gidansa. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne ragar rufewa. Farin ƙudan nan ƙarami shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya yi rawaya, shukar ta tsugune ta ƙi girma, kuma in ya harbi tsiro tun a reno to an gama, babu maganin da ke warkar da ita. Mutane suna rufawa da gidan sauro. Yana tare tsuntsu da fara da malam-buɗe-littafin tsutsa, amma farin ƙuda yana ratsa idonsa. Ga shi kuma ana cire shi ne daga kan gadon yara a daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, abin da ba na so ko kaɗan. Ku taimaka a samu raga mai ƙananan ido ta aikin gona a shagunan kayan noma na ƙungiyoyi, ana yanka wa mutum mita biyu ko uku. Ko a tallafa wa matasa da ƙungiyoyin mata su riƙa renon tsiro mai lafiya suna sayar mana, su samu sana'a, mu samu dashe.

Wurin dashe ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai a nuna. A fita daga kwari a hau gefen tudu, a tayar da kunya mai tsayin santimita 20 zuwa 30, a ja lambatu ruwa ya samu hanya. A ba da tazara fiye da ta rani don iska ta ratsa. A kafa wa tumatir sanda a ɗaure shi, a cire ganyen ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don kada ruwa ya fantsamo ƙasa a jikin ganye, tunda ta nan ne cutar tabo mai zobe-zobe ke hawa. Ruwan yanzu ba na lallaɓawa ba ne. Dukanmu mun ga abin da ya yi a Satumban 2024, har tsohon masallacin unguwar Birni a garin Damagaram ya faɗi. Wanda zai dasa kayan miya ya fara tambayar kansa ta ina ruwa zai fita.

Taki ma haka. Ƙasarmu rairayi ce, in ka zuba buhun takin zamani 15-15-15 gaba ɗaya, ruwa biyu sun wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kai. Sai a rarraba, kaɗan-kaɗan, a kan takin gida wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki gara yake kira, da ciyawa. Yawan yuriya kuma ganye yake ba ka, ka yi ta murna da duhun garka babu ɗa.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi ƙuna, wato feshi. A wurinmu duk abin da ya sami shuka suna ɗaya gare shi: cuta. Magani kuma ɗaya: a je wurin mai tebur. Shi ma bai sani ba, abin da ke gabansa zai miƙo maka, rubutun jiki da Turanci ko Faransanci, wani ma an juye shi cikin robar ruwa babu takarda. Alhali abubuwan da ke kashe tumatir da damina kala-kala ne, kuma da yawansu maganin ƙwari ba ya taɓa su. Akwai shukar da za ka gani da safe lafiya lau, da azahar ta yi yaushi tana kore, ƙasa kuma jiƙe. Wani malamin gona, Allah ya saka masa da alheri, ya nuna mini yadda ake gane ta. Ya yanke karan kusa da ƙasa, ya rataya shi cikin kofin gilas mai ruwa garau, ya ce kada in motsa. Ba a yi minti biyar ba sai ga wani farin zare kamar madara yana saukowa daga bakin yankan. Ya ce wannan ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa, tana toshe hanyar ruwa a jikin shuka, ko na zuba maganin duniya ba za ta tashi ba. Sai dai a tumɓuke a ƙone, a kiyaye ruwan wurin ya kwarara zuwa sauran, a kuma canza wuri. A ranar na tuna kuɗin da na zubar a feshi shekarun baya a kan wannan abin.

Wata shukar kuma in ka tuge ta sai ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Wannan tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, tana son rairayi irin namu. Maganinta juya shuka. Tumatir, yalo, gauta, tattasai, tonka da dankalin turawa duk 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Mutum ya cire tumatir ya sa yalo yana ganin ya canza, alhali bai canza komai ba. Sai an sa hatsi, dawa, masara ko albasa a tsakani, a ba wurin shekara uku. Ga jan gizo-gizon nan da ke saƙa a bayan ganyen yalo, wanda yawancin magungunan ƙwari na kasuwa ba sa kashewa, sai ma su kashe masu cinsa ya ƙara yawa. Ga tsutsar da ke huda ɗa. Ga sharon, ƙaramar tsutsa mai shiga tsakanin fatar ganye ta cinye, wadda ta share gonakin tumatir na Kano da Kaduna a 2016, kuma mu ma ba ta bar mu ba. Har wani abu na gani da idona: ƙanena ya ari famfon da aka yi feshin maganin ciyawa da shi a gonar tudu, bai wanke sosai ba, ya fesa wa tattasai, ganyen ya murɗe duka, aka yi ta cewa sabuwar cuta ce ta shigo.

Ranku ya daɗe, abin da muke nema a nan shi ne wanda zai gaya mana sunan abin kafin mu sayi magani. Na san malaman gona ba su da yawa, kuma da damina hankalinsu yana kan hatsi da wake da gyaɗa, haka ya kamata. Amma a kowace ƙungiyar masu garka akwai saurayi mai waya da ya yi makaranta. A horar da irinsu kwana kaɗan kafin ruwa ya sauka, su iya gwajin kofin gilas, su iya tuge shuka su duba saiwa, su iya ɗaukar hoto mai kyau su aika. RECA, uwar majalisun manoma ta ƙasa, tana da cibiyar da manoma ke kira ko su aika saƙon murya ta WhatsApp a amsa musu da Hausa, amma da yawa a ƙauyukanmu ba su san da ita ba. A yi ta shelarta a gidajen rediyon karkara. A fitar da jerin magungunan da kwamitin CILSS na ƙasashen Sahel ya amince a yi amfani da su a kan kayan miya, da Hausa, da boko da ajami, da hoton kwalbar, a manna a kasuwanni. A rubuta kwana nawa za a jira tsakanin feshi da tsinka, domin akwai masu fesawa yau su kai kasuwa gobe, kuma 'ya'yanmu ne ke ci. Yalo ma ɗanye ake cinsa. A kuma ƙarfafa ruwan 'ya'yan bedi, wanda kowa ke da shi a ƙofar gida: a daka ƙwayar wajen rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 ta kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Yana rage tsutsa da ƙananan ƙwari in an fara da wuri kuma ana maimaitawa.

Ina so kuma kada tumatir ya rufe sauran. Yalo da gauta sun fi shi jure ruwa da zafi, suna daɗewa ana tsinka, kuma ba sa farfashewa a hanya. Tonka ma tana yi da damina in ƙafarta ba ta zauna cikin ruwa ba. Tattasai shi ne mai laulayi, saiwarsa ba ta son kwana cikin laima ko dare ɗaya. Ana yabon tattasan Diffa, kuma ya cancanta, amma na ban-ruwa ne a bakin Komadugu, ba a kwatanta shi da wanda za a dasa cikin marka. Ni da za a tambaye ni, sai in ce wanda zai fara ya raba garkarsa, yalo da tonka su fi yawa, tumatir kaɗan har hannunsa ya faɗa. Dalili na biyu shi ne hannu. Da damina kowa yana gonar hatsi, ga noman fari ga maimai, tumatir kuwa kullum yana son a leƙa shi. Kunya goma da ake kula da su sun fi kadada da aka bari. Wannan ya sa nake ganin matan da ke da ɗan fili kusa da gida, da samarin da ba su tafi ci-rani ba, su ya kamata a fara sa wa a gaba a wannan shiri.

Ni dai ga abin da zan iya. Ina da gefen tudu a garkata wanda shekara uku ban sa masa tumatir ko danginsa ba, bara hatsi ne a wurin. Na ba da shi don gwajin iri, da aikin hannuna da takin dabbobina, kuma duk wanda ya zo gani ƙofa a buɗe take. Na yi magana da masu garka da dama a gefenmu, sun ce su ma a shirye suke. Abin da muke jira shi ne iri, da ragar reno, da malami guda da zai zo a farkon Afrilu mu auna wurin tare, mu rufe ƙasar reno da leda, domin a zuba iri a ƙarshen Mayu a dasa da ruwan farko mai ƙarfi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya. Na gode da sauraro.

Wassalam, naku,
Mai garka daga gefen Korama, ƙasar Matamaye.